Kowa Ya Tuna Bara: Tarken Begen Kiɗan Rok na Zamanin Ƙuruciya

1.0 Gabatarwa

Akwai wani hali da muka daɗe muna lura da shi a tsakanin mutanen da suka yi samartakarsu daga shekarun 1960 zuwa na 1980, a Ingila suke ko a Amurka ko a manyan biranen ƙasar nan. Da zarar an saka tsohon faifan Beatles ko Rolling Stones ko Queen, sai a ga dattijo mai furfura ya yi tsit, ya lumshe ido, yana kaɗa ƙafa a hankali. Idan waƙar ta ƙare sai ya numfasa, ya yanke hukunci cewa kiɗa ya mutu tun ranar da waɗannan mutane suka sauka daga dandamali, abin da yaran yanzu ke saurare kuwa hayaniya ce kawai. Ba mu wanke kanmu daga wannan hali ba, domin mu ma cikin wannan zamani kunnuwanmu suka buɗe.

Manufar wannan maƙala ita ce ta tarke wannan bege. Tambayar da muke son amsawa guda ce: shin waƙar ake bege, ko kuwa ƙuruciyar da aka ji waƙar a cikinta? Tambayar tana da muhimmanci ga ɗalibin adabi, saboda hukuncin da manya ke yankewa cikin shauƙi shi ne yake zama darasi a aji, shi ne kuma yake tantance waƙar da za a adana da wadda za a bari ta ɓace. Matsayinmu shi ne, bege shaida ne a kan mai saurare da zamaninsa, amma bai isa ya zama hukunci a kan waƙa ba, sai an gwada waƙar da wani ma'auni dabam.

2.0 Ma'anar Bege da Asalin Laƙabin

Bahaushe ya san bege tun da daɗewa, ya kuma san cewa ba a begen abin da ke hannu. Sai abu ya yi nisa, ko ya wuce, sannan zuciya ke ƙawata shi. A Turai kuwa, kalmar da suke amfani da ita a wannan fage wani ɗalibin likitanci ne mai suna Johannes Hofer ya ƙirƙiro ta a shekarar 1688, kuma a matsayin sunan cuta ya kawo ta, wato ciwon kewar gida da ke kama mutanen Suwizalan idan sun yi nisa da duwatsun ƙasarsu. Daga baya ma'anar ta tashi daga kewar wuri ta koma kewar lokaci. Bambancin kuwa babba ne: mai kewar garinsu yana iya yin guzuri ya koma, mai kewar shekarar 1969 ba shi da motar da za ta kai shi.

Masana halayyar ɗan'adam sun lura cewa idan aka nemi dattijo ya ba da labarin rayuwarsa, mafi yawan abin da zai tuna ya faru ne tsakanin shekara 10 zuwa 30 na haihuwarsa. A wannan tsakani ne mutum ke fara soyayya, ya fara barin gida, ya fara sanin kansa. Duk waƙar da ta raka shi a wannan tafiya tana manne da abubuwan da suka same shi. Ke nan idan ya ji ta bayan shekara arba'in, abu biyu yake ji a haɗe, da sautin da kuma kansa yana saurayi, ba ya kuwa iya rabe su.

Shi kansa laƙabin da ake yi wa wannan kiɗa, wato rok na asali ko na gado, ba makaɗan ne suka raɗa shi ba. Gidajen rediyon Amurka ne suka fito da shi a shekarun 1980, lokacin da suka gane cewa samarin jiya sun zama magidanta masu albashi, kuma masu talla suna son kunnuwansu. Sai aka tsamo waƙoƙi ƙalilan daga cikin dubbai, aka yi ta maimaita su dare da rana. Abin da mutane da yawa ke ɗauka zaɓin tarihi ne, a gaskiya da hannun ɗan kasuwa a cikinsa tun farko.

3.0 Dandalin da Ake Bege

Masu bege sukan ce faifai inuwa ce kawai, wanda bai halarci taron kiɗan ba bai san komai ba. Akwai gaskiya a nan, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Amma bari mu dubi wasu daga cikin tarukan da aka fi ambata.

Ranar 15 ga Agusta 1965, Beatles suka yi wasa a filin Shea da ke New York, a gaban mutum kimanin 55,000. Wasan bai wuce kamar rabin sa'a ba. Na'urorin ƙara sauti na wancan zamani ba su da ƙarfin cika irin wannan fili, ga ihun 'yan kallo ya danne komai, har makaɗan ba sa jin abin da suke kaɗawa. Shekara guda bayan haka, ranar 29 ga Agusta 1966, suka yi wasansu na ƙarshe na masu sayen tikiti a San Francisco, suka koma ɗakin naɗar waƙa, inda suka fitar da ayyukan da manazarta suka fi yabawa. Wanda ke begen daren Shea, to, ba abin da kunnensa ya ji yake bege ba. Yana begen tsayuwa ne a cikin dubban sa'o'insa, ana ihu da murya ɗaya.

Haka batun yake ga Woodstock, taron da aka yi daga 15 zuwa 18 ga Agusta 1969 a gonar wani makiyayin shanu, Max Yasgur, a Bethel ta jihar New York. Mutum wajen 400,000 suka hallara, cikin ruwan sama da taɓo da ƙarancin abinci. Abin da aka fi tunawa da shi a taron shi ne yadda Jimi Hendrix ya kaɗa taken Amurka da jitarsa, ya karkatar da sautin har ya yi kama da rugugin bama-bamai, a daidai lokacin da yaƙin Biyetnam ke cin samarin ƙasar. To amma Hendrix bai hau dandamali ba sai safiyar Litinin, bayan mafi yawan jama'a sun watse. Duniya ta san wannan kiɗa ne ta hanyar fim ɗin Michael Wadleigh da ya fito a 1970. Wato har waɗanda suka kwana a gonar, da yawansu a majigi suka ga abin da a yau suke rantsuwa sun gani da idonsu.

Bege kuma yana da tankaɗe da rairaya. Ƙasa da wata huɗu bayan Woodstock, ranar 6 ga Disamba 1969, aka yi wani taron a Altamont ta Kalifoniya, inda aka damƙa tsaron dandamali a hannun 'yan daban babura na Hells Angels. Rolling Stones na cikin wasa ɗaya daga cikinsu ya daɓa wa wani saurayi baƙar fata ɗan shekara 18, Meredith Hunter, wuƙa ya mutu. A ranar 3 ga Disamba 1979, mutum 11 suka rasu a turmutsitsin shiga wasan ƙungiyar The Who a Cincinnati. Tsakanin Satumba 1970 da Yuli 1971, Hendrix da Janis Joplin da Jim Morrison duk suka mutu, kowannensu yana da shekara 27, bayan rayuwar da giya da ƙwaya suka yi wa katutu. Mai bege yakan ambaci Woodstock sau goma kafin ya ambaci Altamont sau ɗaya.

Ba muna nufin babu taron da kiɗan kansa ya cancanci yabo ba. A wasan Live Aid na 13 ga Yuli 1985, wanda Bob Geldof da Midge Ure suka shirya don tara gudummawa ga waɗanda yunwa ta addaba a Habasha, ƙungiyar Queen ta samu kimanin minti 20 a filin Wembley na Landan, a gaban mutum 72,000. Abin da Freddie Mercury ya yi a wannan ɗan lokaci ana iya nazarinsa a yau ba tare da an jingina da shauƙin kowa ba: ya gutsuttsura waƙoƙinsa ya ɗauki sassan da jama'a suka fi sani, bai bar giɓi tsakanin wata da wata ba, sa'annan ya tsaya ya riƙa jefa wa taron sauti suna maimaitawa, har filin gaba ɗaya ya zama 'yan amshinsa. Duk wanda ya san yadda makaɗin Hausa ke sarrafa amshi zai gane gwanintar nan take. A nan, wanda ya halarta da wanda aka haifa bayan shekara ashirin suna iya yin ittifaƙi, domin shaidar tana cikin aikin.

4.0 Bege a Cikin Waƙoƙin Kansu

Wani abin mamaki shi ne, kiɗan rok ya fara begen jiya tun yana ɗanye. Beatles ba su kai shekara talatin ba suka yi "In My Life" a 1965 da "Penny Lane" a 1967, dukkansu waiwaye ne ga mutane da unguwannin ƙuruciya. Waƙoƙi biyu za mu ɗauka mu kwatanta, domin sun nuna hanyoyi biyu na riƙe wannan jigo.

Ta farko ita ce "American Pie" ta Don McLean, wadda ta fito a 1971. Tushenta shi ne haɗarin jirgin sama na 3 ga Fabrairu 1959 a jihar Iowa, wanda ya halaka Buddy Holly da Ritchie Valens da Big Bopper, lokacin McLean yana yaro ɗan shekara 13 mai raba jarida. Waƙar ta haura minti takwas. Tana buɗewa a hankali da murya da fiyano, kamar mai ta'aziyya, sai ta ɗauki zafi a tsakiya, ta sake lafawa a ƙarshe. Zubinta ke nan, kuma ya dace da jigonta. Salonta kuwa na zaurance ne, cike da sarki da wawan sarki da wasu alamomi da masu sharhi suka shafe shekaru suna gardama a kan wanda ake nufi da su. Ƙarfin waƙar yana cikin amshinta, wanda ke haɗa bakin jama'a ko ba su fahimci baitocin ba. Rauninta kuwa, a ganinmu, yana cikin tunaninta: ta ɗauki shekarun 1950 a matsayin zamanin tsarki da aka yi asararsa, alhali a wannan zamani ne baƙar fatan kudancin Amurka ba su da ikon zama a kujera ɗaya da farare a cikin bas. Tsarkin da mawaƙin ke tunawa na yarintarsa ne, sai ya shafa shi a kan ƙasa baki ɗaya.

Ta biyu ita ce "Glory Days" ta Bruce Springsteen, daga faifansa na 1984. Labari ne mai sauƙi. Mai magana ya haɗu da tsohon abokin karatunsa wanda ya yi tashe a wasan ƙwallo a makaranta, suka zauna hira, amma abokin ba shi da zance sai na wancan lokaci. Sai kuma wata mata da ta yi tashen kyau, yanzu aure ya mutu, ga 'ya'ya, ita ma abin da ke sanyaya mata rai shi ne tuna baya. A ƙarshe mai maganar ya juyo da abin kansa, yana fargabar shi ma haka zai ƙare. Kiɗan kuwa na annashuwa ne, irin na rawa. Wannan saɓani tsakanin kiɗa mai fara'a da labari mai ɗaci shi ne gwanintar waƙar, domin mai saurare yana cikin rawa zai farga cewa da shi ake. McLean ya shiga cikin bege ya rufe ƙofa. Springsteen ya shiga, amma ya bar taga a buɗe yana kallon kansa. A ma'aunin tarke, ta biyun ta fi ta farko gaskiya, ko da yake ta farkon ta fi ta daɗin rerawa a taro.

5.0 Abin da Bege Ya Manta

Babban laifin bege shi ne gajeren tunani, duk da cewa da sunan tuna baya yake zuwa. Jerin gwanayen da gidajen rediyo suka tsara kusan duk fararen maza ne na Ingila da Amurka. Amma tushen kiɗan yana wurin baƙar fatan Amurka: Sister Rosetta Tharpe da ta riƙa kaɗa jitar lantarki a waƙoƙin coci tun kafin a san sunan rok, da Chuck Berry da Little Richard da suka fito da ƙarfi a 1955. Big Mama Thornton ce ta fara fitar da "Hound Dog" a 1953, kafin Elvis Presley ya ɗauka a 1956 ya yi suna da ita. Rolling Stones daga sunan wata waƙar Muddy Waters suka samo sunansu. A 1985 Willie Dixon ya kai Led Zeppelin ƙara a kan "Whole Lotta Love" ta 1969, saboda kamarta da waƙarsa "You Need Love". Aka sasanta a wajen kotu, aka kuma riƙa sanya sunansa cikin marubutanta. Ko a Live Aid, taron da aka yi domin Afirka, makaɗan da ke zaune a nahiyar ba su samu gurbi a manyan dandamalan biyu ba.

Mantuwar ta fi ciwo idan muka juyo gida. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, samarin Nijeriya sun rungumi jitar lantarki, suka gauraya ta da kiɗan ƙasa. A gabas aka samu ƙungiyoyi irin su Funkees. A Legas aka samu BLO, ta Berkley Jones da Laolu Akins da Mike Odumosu, da Monomono ta Joni Haastrup, da kuma Ofege, 'yan makarantar St Gregory's ta Obalende, waɗanda suka yi faifan "Try and Love" suna ɗalibai. Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream, ya yi faifai tare da Fela a 1971, ya kuma kafa ɗakin naɗar waƙa a Ikeja. A 1973 Paul McCartney ya zo Legas ya naɗi mafi yawan faifansa "Band on the Run" a ɗakin kamfanin EMI da ke Apapa, har Fela ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da ya kunna masa abin da ya naɗa ya ji da kunnensa.

Masu begen rok a ƙasar nan sun san labarin McCartney, amma ƙalilan ne suka adana faifan BLO ko na Ofege. Sai da kamfanonin waje suka zo suka tsince su: Soundway na Ingila ya fitar da "Nigeria Rock Special" a 2008, Now-Again na Amurka kuma ya fitar da "Wake Up You!" a 2016 tare da binciken Uchenna Ikonne. Da begenmu na kiɗan ne tsantsa, da ba mu jira baƙo ya nuna mana abin da ke cikin ɗakinmu ba.

6.0 Bege Ya Zama Haja

Kiɗan da ya fara da tawayen matasa ga manya ya wayi gari yana cikin manyan kadarorin kasuwa. A 2020 Bob Dylan ya sayar da haƙƙin waƙoƙinsa ga kamfanin Universal a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 300. A 2021 Springsteen ya sayar da nasa ga Sony a kan kimanin dala miliyan 500. A Oktoba 2016 aka tara Dylan da McCartney da Rolling Stones da The Who da Neil Young da Roger Waters a wani taro a hamadar Kalifoniya, yawancinsu sun haura shekara saba'in. A 2023 aka yi amfani da kwamfuta aka tsamo muryar John Lennon, wanda aka kashe a 1980, daga wani tsohon kaset, aka fitar da "Now and Then" da sunan waƙar Beatles ta ƙarshe.

Ba mu ga aibu ga tsoho ya ci guminsa ba. Abin lura shi ne, kasuwa tana iya sayar da waƙar da tikitin, amma ba ta da ƙuruciyar da mai saye ya zo nema. Da aka yi yunƙurin maimaita Woodstock a 1999, da ƙone-ƙone da tarzoma aka tashi. Na cika shekara 50 da aka shirya yi a 2019 kuwa, rushewa ya yi tun kafin a buga ganga.

7.0 Kammalawa

To, da wane ma'auni za a gwada waƙar jiya? Muna ganin ma'aunin shi ne kunnen wanda bai halarta ba. A 2020 waƙar "Dreams" ta Fleetwood Mac, wadda ta fito a 1977, ta sake shiga jerin waɗanda aka fi saurare bayan wani ɗan gajeren bidiyo ya yaɗu a TikTok. A 2022 "Running Up That Hill" ta Kate Bush, ta 1985, ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya bayan an saka ta a wani wasan talabijin. Yaran da suka rungume su ba su da wata jiya da suke tunawa a cikinsu. Waƙoƙin ne suka tsaya da ƙafafunsu. A nan ne maganar nan ta da tsohuwar zuma ake magani take tabbata, da sharaɗin a ɗanɗana a tabbatar zumar ce.

Wannan ma'auni bai tsaya ga rok kaɗai ba. Ɗalibin da aka haifa bayan rasuwar Mamman Shata a 1999 bai taɓa tsayawa a filin da ake kaɗa masa kalangu ba, amma idan ya saurari waƙarsa ya ji ta kama shi, shaidarsa ta fi ta wanda ke tuna bikin da ya haɗu da matarsa. Shawararmu ga malamai 'yan'uwanmu ita ce, idan za mu gabatar da waƙar zamaninmu a aji, mu nuna inda gwanintar take a zubi da salo da sarrafa harshe, mu ajiye labarin samartakarmu sai an tashi. Ga ɗalibai kuwa, ku saurari abin da manya ke yabawa da kunnen basira, ku karɓi wanda ya ci jarrabawa, ku kuma adana na zamaninku tun yanzu. Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Nan da shekara talatin ku ne za ku lumshe ido idan an saka waƙar da kuke ji a yau, wani yaro kuma yana gefe yana jiran ku gaya masa dalili.